Zaɓen zarton inji mai doguwar sanda: abin da masu sana'ar a Gombe suka ce

Masu gyaran bishiya da makanikai da suka tattauna batun sun haɗu a kan cewa kaurin rassan gidanka shi zai zaɓa maka inji. In mangwaro ne ko darbejiya biyu zuwa uku, mai batir ya wadatar, amma ka haɗa da batir na biyu saboda halin wutarmu. Mai fetur ya fi ƙarfi, sai dai yakan kai kilo 7, kafaɗa kuma tana gajiya da wuri. Ka ɗaga shi a shago, sandar a miƙe, kafin ka biya.

A kan batun fetur aka fi daɗewa ana tattaunawa. Yawancin injinan na son mililita 20 na man 2T a lita 1 ta fetur. In ka zuba zallar fetur, fistin zai ƙone. Fetur da ya kwana wata da watanni yana toshe kafireta, ƙurar hunturu kuma tana cika matatar iska, sai a riƙa wanke ta.

Bakin zarto mai inci 10 ya isa reshen da bai wuce inci 6 ba. Kada ka saya sai ka tabbatar ana samun sarƙarsa, wato mai haƙoran da ke yin yankan, a kasuwa. Tankin man sarƙa kada ya bushe, in ba haka ba ta yi zafi ta dakushe.

Wajen yanka, fara tsaga reshen kaɗan ta ƙasa, sannan ka gama ta sama, don kada ya yage ɓawo ko ya danne sarƙar. Tsaya gefe, da hular kwano da tabarau, ba a kan tsani ba. Reshen da ke kusa da wayar lantarki kuwa, kowa ya ce a kira ma'aikatan wuta.