Ina ya dace a kai baƙi cin abinci a birnin New York?

Alhaji Sani: Assalamu alaikum. Surukaina za su iso daga Kano ƙarshen wata, kuma ina so in zagaya da su unguwannin Italiyawa, Sinawa da 'yan Meksiko, amma ina gudun in kai dattawa inda za a ajiye musu abin da addini ya hana. Ina neman shawararku.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Tunda a Bronx kake zaune, Alhaji, kada ka wahalar da su zuwa unguwar Italiyawa ta titin Mulberry na Manhattan, domin 'yan yawon buɗe ido sun cika shi, abinci kuma ya yi tsada. Arthur Avenue, titin Italiyawa na Bronx, ya fi kusa da kai, kuma kasuwar da magajin gari La Guardia ya buɗe a 1940 tana ci har yanzu. A zaɓi taliya da kifi, ko fiza mai cuku da tumatir kawai, sannan a tambaya ko an zuba giya a miyar, saboda sukan dafa kifi da ita.

Malam Habu: Game da Sinawa, ni unguwar Flushing da ke Queens nake ba da shawara. Ku hau jirgin ƙasa mai lamba 7 har tasharsa ta ƙarshe a Main Street. Akwai gidajen abincin Musulmin Uyghur masu naman halal, inda ake gasa tsiren rago, ake kuma jan taliya da hannu, abin da na tabbata zai burge dattawa. Ku riƙe tsabar kuɗi, domin wasu ƙananan shaguna ba sa karɓar kati.

Hajiya Binta: Na Meksiko ne ke buƙatar lura sosai. A Fifth Avenue ta Sunset Park, a Brooklyn, abincin da ake kira al pastor da carnitas duk naman alade ne, kuma wake ma sau da yawa da kitsensa ake soya shi. Taco na kifi, wato kifi da aka naɗe cikin faifan gurasa, ya fi sauƙi.

Malam Habu: Gafarta Hajiya, ko na kifin ma sai an tambaya, domin a kasko ɗaya sukan gasa komai.

Alhaji Sani: Na gode, Allah ya saka da alheri. Za mu fara da Flushing ranar Asabar. Nawa ake ƙara wa mai kawo abinci?

Malam Habu: Kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abincin, Alhaji.