Takwara ko sawu? Neman kalmar Hausa ga "counterpart" a ilimin sararin samaniya

Daga Aliero: Malamai, ga wata kalma. Na'ura ta hango tushen hasken eksire a sama, sai a duba kundin rediyo da na hasken ƙasa-da-ja a nemi abin da ke zaune daidai wurin. Wanda aka samu shi Turawa ke kira "counterpart". Ni "takwara" na rubuta wa ɗalibai.

Daga Gusau: Malam, takwara mutum biyu ne masu suna ɗaya. Nan kuwa abu ɗaya ne aka gani da ido daban-daban. Sco X-1 da aka gano da eksire a 1962, shi ne dai tauraron da aka gane a 1966. In ka ce takwara, ɗalibi zai ɗauka biyu ne.

Daga Argungu: To a ce "sawu". Dabba guda ce, ta taka yashi ta taka laka, sawun ya bambanta. Sawun rediyo, sawun ƙasa-da-ja, aikin kansa kuma bin sawu. Har karin magana ya zauna: sawun giwa ya taka na raƙumi. Idon WISE, na'urar hangen ƙasa-da-ja a sama, ba ya raba abubuwan da kusancinsu ya kasa daƙiƙar kusurwa 6 (daƙiƙa 3,600 ne digiri ɗaya), sai mai haske ya haɗiye marar ƙarfi, ka ɗora wa giwa aikin raƙumi.

Daga Birnin Kebbi: Na bi sawu, amma a sa wa haɗarin aikin suna, don nan ake faɗuwa. Kundin AllWISE, wanda aka tara daga hotunan WISE, na da tushe wajen miliyan 747. Raba su ga digiri murabba'i 41,253 na sama, ka samu kusan 18,000 a kowane. Zana da'ira mai nisan daƙiƙa 10 daga tsakiya, irin shakkar da ke kan wuraren da ROSAT, tsohuwar na'urar hangen eksire, ta bayar: damar wani baƙon tushe ya faɗo ciki ta kai kusan 0.36 a lissafi. Da Chandra, na'urar eksire mai kaifin ido, da'irar daƙiƙa 1 ta isa a tsakiyar hoto, damar ta sauka zuwa 0.004, a gefen hoto kuwa ɗigon na bajewa, dole a buɗa da'irar. Ke nan mafi kusa ba lallai shi ne mai sawun ba. Wannan in kira shi "gamon katar". Aunawarsa ba wuya: gusar da duk wuraren eksire da minti ɗaya ko biyu na kusurwa, sake haɗawa, ƙidaya abin da ya kamu. Duk na bogi ne.

Daga Gusau: Gamon katar ya yi. Rediyo kuma matsalarsa daban. A kundin rediyo na NVSS tushe kusan 50 ne a digiri murabba'i, baƙo ba ya yawa, amma idonsa daƙiƙa 45 ne, kuma damin taurari irin Cygnus A fukafukai biyu yake fitarwa a rediyo, tushen eksire na tsakaninsu. Kwamfuta za ta ce babu sawu, ko ta kama fiffike ɗaya. Sai an duba hoton da ido.

Daga Aliero: Na janye takwara. Da'irar fa, "da'irar kuskure"?

Daga Argungu: Ba wanda ya yi kuskure, Malam. Da'irar shakka.