Wa ya ce kwamfutar hannu gwanjo ce?

Ɗalibin Yaba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Bara da zan fara karatu, Umma ta kwashi adashinta ta damƙa min in sayi laftof. Wani mai shago ya yi ta rantse min cewa sabuwa dal a kwali ta fi komai, na biye masa na ɗauko mai RAM, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, giga 4 da ma'ajiya giga 64. Ɗazu a aji malami ya ce kowa ya buɗe manhajar da muke koyon rubuta furogiram da ita. Na danna, ɗan da'irar nan ya kama juyi, yana ta juyi, har na kusa da ni ya gama aikin farko, ni ko buɗewa ba ta yi ba. Can sai ga jan rubutu wai wuri ya cika, alhali ko hoto ɗaya ban ajiye ba. Na kai a ƙara RAM, aka ce an liƙe shi da dalma a jikin injin, ba ya ciruwa. Ni dai magana ɗaya nake da ita: ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi da ya sayi sabuwa mai araha ya zubar da kuɗin iyayensa. Gwanjo mai kyau ta fi ta nesa ba kusa ba. In na sayar da wannan na yi ciko zan haɗa dubu 280. ThinkPad T480 zan nema ko HP EliteBook 840 G5?

Mai Gyara na Ikeja: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin komai ka janye kalmar nan ta gwanjo. Shekara goma sha ɗaya ina titin Otigba a cikin Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ban taɓa sayar wa kowa gwanjo ba. Tokumbo muke sayarwa. In gwanjo kake nema, hau mota zuwa Katangowa a Abule Egba, a kwance maka dila ka zaɓi wando.

Bakano: To, Oga, mene ne bambancin? Wani ya yi amfani da abu ya gaji ya sayar, kai ka saya. A Hausa sunansa gwanjo ko na hannu. Tokumbo Yarbanci ne, kuna fakewa da shi ne don ku ɗora kuɗi.

Antin Agege: Akwai bambanci mana, kuma duk wanda ya taɓa ciniki a Ikeja ya san shi. Tokumbo wadda aka yi amfani da ita a waje ce, Ingila ko Amurka, ta tsallako teku. Ma'anar kalmar ke nan, shi ya sa Yarbawa suke sa wa yaron da aka haifa a ƙetare wannan suna. Ta hannu kuwa wadda ta sha wutar janareta da ƙurar Legas ce. Kuɗinsu ma ba ɗaya ba ne. Da idona na ga an buɗe ta hannu, fankar ta toshe da ƙura kamar audugar katifa.

Bakano: Anti, ko daga ina ta zo an dai yi amfani da ita. Rigunan Katangowa ma ai teku suka tsallako.

Mai Gyara na Ikeja: Ka ji ko? Yanzu sana'ata ce kake haɗawa da kamfai da safa?

Malamin Idi-Araba: Ku yi haƙuri in sa baki. Asalin gwanjo ba zagi ba ne. Gwanjo shi ne a fito da kaya a bainar jama'a, wanda ya fi tayi ya ɗauka, kamar yadda hukumar kwastam take gwanjon motocin da ta kama. Kuma waɗannan kwamfutoci, kamfanonin can ne suke sauya na ma'aikatansu bayan 'yan shekaru, su sayar da tsofaffin a dunƙule, dillalai su kwaso. Ka ga ke nan yaron nan bai yi kuskure ba, kalmar ta zauna daram.

Mai Gyara na Ikeja: Allah ya gafarta Malam, wannan Hausar ƙamus ce. A kasuwa in ka ce gwanjo, kwastoma ji yake tarkace ne. Bakinmu da abincinmu muke karewa.

Malamin Idi-Araba: Ban ce kayanka tarkace ba ne. Na ce ma kalmar ba ta da laifi.

Ɗalibin Yaba: Yaya, na janye, a kira ta duk abin da aka ga dama. T480 ko 840 G5?

Kawu na Mile 12: Kai yaro, ni ban yarda da maganarka ta farko ba ma. 'Ya'yana uku duk sababbi na saya musu, da rasit da garanti na shekara. Abin da wani ya gaji da shi ya yar, ba zan kai gidana ba. Kai ne ka je ka ɗauko ta ƙarshen araha, kuma araha ba ta ado. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Antin Agege: Kawu, da girmanka, kai kana sauke tirelar albasa, shi kuma adashin mahaifiyarsa ne. Ɗalibin da ko bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, ya samu, dubu 20 ake ba shi a wata na ɗawainiya, wata nawa zai tara ya sayi irin wadda ka saya wa naka? Kada mu sa yaro ya ji kamar laifinsa ne da bai da shi.

Kawu na Mile 12: Ni ban zagi talaucin kowa ba, 'yata. Da buhu a kai na fara a kasuwar nan.

Mai Gyara na Ikeja: Bari in taimaki yaron duk da ya ɓata min. Dukansu biyun na 2018 ne, injinsu Intel zubi na 8, kuma wannan shi ne abin dubawa na farko, domin Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 take farawa, ita kuma Windows 10 Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025. Saboda haka kada wani ya lallaɓa ka da 840 G3 don ta fi sauƙi, ita zubi na 6 ce. A T480 da 840 G5 ɗin ma ka duba da kyau, akwai waɗanda suka zo da zubi na 7. Ka nemi Core i5, RAM giga 8, ma'ajiyar SSD giga 256. Kowaccensu tana da gurbin RAM biyu, in ka samu kuɗi gaba ka ƙara. T480 batir biyu take ɗauka, ɗaya a ciki ɗaya a waje da ake zarewa da hannu, ga mai zama inda wuta take wasa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ita 840 G5 jikinta na alminiyom ne, ta fi kyan gani. Kuma duk wadda za ka saya, ka kunna ta a gaban mai shago, ka danna kowane maɓalli, ka tabbata ba a kulle BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, da lambar sirri ba, sannan ka buɗe Command Prompt, inda ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport ka ga nawa ya rage a ƙarfin batir.

Bakano: Ka ga da bakinka ka ce a duba nawa ya rage a batir. Abin da ake duba saura nawa ya rage a ransa, ba gwanjo ba ne? Mu a Kano in ka je kasuwar titin Bairut, kai tsaye za a ce maka ta hannu ce, ba a ɓoye-ɓoye. Ku da kuka daɗe a nan har Hausar taku ta gauraye.

Antin Agege: A'a, tsaya nan. Hausar wa ta gauraye? Kakanninmu suna Agege tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa, da masallatanmu da makarantun allonmu da sarkinmu. Kai da ka sauka a tashar mota shekaranjiya ne za ka koya mana Hausa? Don mun san kalmar maƙwabtanmu sai mu zama ba Hausawa ba? Ku da kuke ce wa tsohuwar mota 'yar Beljiyam, Beljiyam ɗin unguwa ce a Kano?

Bakano: Ban ce ku ba Hausawa ba ne, Anti, kada ki ɗora min abin da ban faɗa ba.

Antin Agege: Saƙon yana sama, kowa ya hau ya karanta.

Ɗan Obalende: Ni duk wannan hayaniyar ba ta dame ni ba. MacBook Air M1 ta 2020 nake riƙe da ita, ba fanka ba ƙara, ina fita da safe in dawo da yamma ban nemi soket ba. Ɗalibi ya daure ya tara ya sayi abu sau ɗaya.

Antin Agege: Yaro ya ce dubu 280 gare shi kana kiran Mac. Kuma ita ma RAM ɗinta ba ya ƙaruwa, abin da ya kawo shi kuka ke nan.

Ɗan Obalende: Giga 8 na Mac ba irin naku ba ne.

Mai Gyara na Ikeja: Ranar da gilashinta ya fashe ka zo ka maimaita min wannan maganar. Kai kuma Bakano, tunda kayana gwanjo ne, dawo min da cajar da ka karɓa tun azumi ka ce kwana biyu.

Bakano: Haba Oga, a gaban jama'a? Cajar da ko wata ba ta yi ba ta fara zafi?

Mai Gyara na Ikeja: Ta yi zafi amma har yau tana wurinka.

Kawu na Mile 12: Kun gani ko? Abin da nake faɗa ke nan game da tsohon kaya.

Shugaban zaure: Jama'a ya isa haka, dare ya yi, zan rufe wannan batu. Ga abin da na fahimta. Na ɗaya, kusan kowa ya yarda kalmar gwanjo ba ta dace da kwamfuta ba, tokumbo ita ce daidai, kuma bai kamata a riƙa taɓa sana'ar mutanen da suke taimaka wa yaranmu a Ikeja ba. Na biyu, tsakanin biyun da aka tambaya, HP ce ta fi rinjaye. Ni kaina tun ina ɗalibi HP nake riƙewa, ba ta taɓa ba ni kunya ba, kuma caja da batir ɗinta ko'ina ka shiga a Legas za ka samu. Na uku, maganar da aka yi wa haifaffun Agege ba ta yi daɗi ba, wanda ya yi ta ya san kansa, ya nemi afuwa. Batun Mac ba na ɗalibai ba ne.

Malamin Idi-Araba: Shugaba, ni ban yarda da na ɗaya ba, kuma ban ga inda aka ce HP ta rinjaya ba. Mai gyaran ma batir biyun ThinkPad ya yaba.

Shugaban zaure: Malam, an rufe, a bari sai gobe in Allah ya kai mu.

Ɗalibin Yaba: Yaya mai gyara, don Allah in na zo ranar Asabar bayan azahar zan same ka a shago? Zan taho da tawa ka duba nawa za ta yi, kuma ina so in riƙe T480 ɗin a hannuna in ji nauyinta kafin in faɗa wa Umma komai.