Neman kalma: rate, rate law da order a darasin kemistiri

Malamar SS2: Assalamu alaikum malamaina. Ranar Alhamis za mu naɗi darasin kemistiri na rediyo, ga kalmomi uku sun tsaya mini a wuya: rate of reaction, rate law (lissafin da ke nuna yadda rate ɗin ya dogara da yawan sinadarai) da order (lambar da ke nuna ƙarfin wannan dogaron). A aji akwai allo, a rediyo kuwa sai baki. Don Allah a agaza kafin daren Laraba.

Na Damagaram: Wa alaikumus salam. Mu da Faransanci muka karanta, vitesse muke cewa, sauri ke nan kai tsaye. Saurin haɗuwar sinadarai, sai dokar sauri.

Ɗan Zazzau: Sauri ya zauna, haɗuwa ce ba ta zauna ba. N₂O₅ shi kaɗai yake wargajewa ya ba da NO₂ da oksijin, da wa ya haɗu? A ce saurin sauyin sinadarai, wato yawan abin da ya ƙare ko ya samu a cikin lita guda duk daƙiƙa.

Baba Mai Ritaya: Rikiɗa, 'ya'yana, ba sauyi ba. Ƙanƙara ma in ta narke ta sauya, alhali ruwan nan ne dai. Rikiɗa kuwa abu ya tashi daga kansa ya koma wani. Order kuma ninki. Tun ina koyarwa haka nake faɗa.

Ɗan Zazzau: Allah ya ƙara girma Baba, rikiɗa na karɓa hannu bibbiyu. Ninki ne zai ɓatar da yara. In aka ninka yawan sinadarin, a order na 1 sauri ya ninku, a na 2 ya zama huɗu, a sifili ko gezau. Yaro ya ji "ninki biyu" zai rubuta 2 inda amsa 4 ce. Daraja nake gani. Doka ma ina jin tsoronta, don ba daga lissafin da aka daidaita ake karanto ta ba, sai an gwada. Dubi NO₂ da CO: in zafi bai yi yawa ba, sauri = k[NO₂]², CO bai ma fito a ciki ba (k, wato rate constant, lamba ce da gwaji ke bayarwa, [NO₂] kuma yawan NO₂ a lita guda). Kowace rikiɗa da tata, shi ya sa ƙa'ida ta fi.

Baba Mai Ritaya: Daraja Larabci, ƙa'ida Larabci. Mun gudu daga Bature mun faɗa wa Balarabe. Hausa ta talauce ne?

Bakatsiniya: Baba, darasi da kimiyya da daƙiƙa fa? Kakanninmu da su suka tashi.

Na Damagaram: Ni abin da ke damuna, kullum a can Nijeriya ake yanke magana, mu sai dai mu ji a rediyo. Har yanzu ba wanda ya nuna mini aibin doka. Masanan Norway Guldberg da Waage sun kawo tasu, law of mass action, a 1864, doka kowa ke kiranta.

Ɗan Zazzau: Ɗan'uwa, ba zancen iyaka ba ne. Waccan ta kowa ce, wannan sai ɗakin gwaji ya faɗa.

Baba Mai Ritaya: In kun ƙi ninki, to hawa. Hawa ɗaya, hawa biyu. Amma daraja ban yarda ba.

Malamar SS2: Na gode ƙwarai. Na ɗauki saurin rikiɗar sinadarai da ƙa'idar sauri. Hawa zan gwada wa 'yan ajina gobe, in sun gane shi ke nan. Saura k, har yanzu ba wanda ya taɓa ta, ga shi tana ƙaruwa in zafi ya ƙaru.

Na Damagaram: Ni dai a ajina doka zan ci gaba da cewa.