Me ya sa kalsiyam fosfet ke narkewa fiye da abin da Ksp ya nuna?

Ɗalibar Kimiyya: Assalamu alaikum malamai. Idan aka ɗauki Ksp (adadin da ke nuna iyakar narkewar gishiri a ruwa) na kalsiyam fosfet, Ca₃(PO₄)₂, a matsayin 2×10⁻³³, lissafin 108s⁵ = Ksp yana ba da s, wato yawan abin da ya narke, kusan 1×10⁻⁷ mol a lita. To me ya sa awon ɗakin gwaji yake nuna narkewa ta zarce haka nesa ba kusa ba?

Malam Sinadari: Wa alaikis salam, malama. Lissafin ya ɗauka cewa PO₄³⁻ zai zauna yadda ya fito, alhali da zarar ya shiga ruwa yake cafke H⁺. Asid ɗin fosforik yana da pKa (ma'aunin sauƙin sakin H⁺) uku: 2.15, 7.20 da 12.35. A pH 7 kusan duk fosfet ɗin ya koma H₂PO₄⁻ da HPO₄²⁻. Kason da ya rage a matsayin PO₄³⁻, wato α, bai wuce 1.7×10⁻⁶ ba. Tunda ana ta janye shi, dole gishirin ya ci gaba da narkewa. Sai ki gyara lissafin ya zama 108s⁵α² = Ksp. Zai ba ki kusan 2×10⁻⁵, ninki wajen 200 ke nan. A pH 5, α na faɗuwa zuwa 2.8×10⁻¹⁰, s kuma ya kai wajen 7×10⁻⁴.

Ɗalibar Kimiyya: Na gode, Malam. Idan zan auna narkewar, da wane ruwa zan tsayar da pH ɗin?

Hajiya Mai Gwaji: Kada ki kuskura ki yi amfani da mai fosfet a ciki, 'yata, zai danne narkewar. Sitiret (gishirin asid ɗin lemun tsami) kuma yana kama kalsiyam, ya kumbura sakamakon. Ki riƙa ɗiga HCl ko NaOH mara ƙarfi, ki rufe kwalbar saboda CO₂ na iska yana saukar da pH. Ki bar shi yana motsawa kwanaki a 25°C, ki tace da matata 0.22 µm, sannan ki sake auna pH a ƙarshe, domin narkewar kanta tana ɗaga shi. Abin da ya fi dame ni shi ne garin da ke ƙasan kwalbar: a hankali samansa yake rikiɗewa zuwa haidiroksi-afatait, wani nau'in kalsiyam fosfet mai Ksp nasa daban.

Injiniyan Ƙasa: Wannan lissafin ne manoma ke gani a gona. Garin dutsen fosfet na Tawa ko Sakkwato yana aiki a ƙasa mai tsami, pH ƙasa da 5.5, amma a ƙasa mai farar ƙasa sai ya kwanta ba ya narkewa. Shi ya sa ake jiƙa dutsen da asid ɗin salfurik a masana'anta, a samu takin SSP (sufa) mai Ca(H₂PO₄)₂ da ruwa ke narkar da shi.