Neman kalmar Hausa: me za mu kira ikoloji?

Jama'a salamu alaikum. Kwanakin baya na jefa tambaya a nan kan fannin da Turawa ke kira ikoloji, na ce wa ke da sunansa da Hausa, da kuma sunan shekarar da ɗalibi ke yi a jami'ar wata ƙasa a tsakiyar digirinsa. Amsoshi sun zo, wasu da hujja, wasu da zolaya. Bari in tattara su wuri guda, in faɗi inda na tsaya. Wanda bai gamsu ba ya sauko ƙasa mu ci gaba.

Abin da ya jawo maganar, 'yar yayata ce ta samu gurbi a wata jami'a a Ingila. Digirin farko a can shekara 3 ne, amma nata 4 ne, don shekara ta uku a jami'ar wata ƙasa daban za ta yi ta. Duk wanda ya zo barka sai ya tambayi abin da za ta karanta. In ta ce ikoloji a yi shiru. In ta ce harkar muhalli ce, sai a ce, "A'a, ashe duba-gari za mu samu a gidan."

Kalmar kanta ba tsohuwa ba ce can. Wani masanin dabbobi Bajamushe, Ernst Haeckel, shi ya ƙera ta a 1866 daga Girkanci: oikos, wato gida, da logos, wato nazari. Abin da yake nufi shi ne nazarin yadda mai rai yake hulɗa da duk abin da ke kewaye da shi, mai rai da mara rai. Daga wannan oikos ɗin ne kuma Turawa suka samo sunan da suke kiran tattalin arziki. Ku riƙe wannan, don gida a nan ba katanga da rufi ba ne, har da mazauna cikinsa da yadda suke zaune.

Cikin amsoshin, wadda ta fi samun ƙuri'a ita ce "ilimin muhalli", wasu suka ce "kimiyyar muhalli". Wani malaminmu ya kawo hujjar cewa Larabawa ma ilmul bi'a suke cewa, kuma ma'anarsa ke nan. Malam, Allah ya ƙara sani, amma ban bi ka nan ba. Kalmar muhalli ta riga ta yi aure a bakin Bahaushe. Ka kunna rediyo ka ji inda take fitowa: tsaftar muhalli, ma'aikatar muhalli, kwashe shara, yashe magudanai, gurɓatar iska. Sannan akwai wani digiri daban a jami'o'i wanda shi ne ainihin kimiyyar muhalli. Su ne masu ɗibar ruwan da ke fitowa daga masana'antun jima su auna gubar da ke ciki, su ne masu rubuta rahoto kafin a gina madatsa ko hanya. Fannonin biyu maƙwabta ne, suna aron wuta wurin juna, amma kowa da sashensa da malamansa. In muka ba su suna ɗaya, ranar da za a fassara takardar shaidar mutum biyu, sai mu tsaya muna sosa ƙeya.

Wasu suka ce a bar ta yadda take, a ce ikoloji kawai, ai masu Swahili ma ikolojia suke cewa ba su mutu ba. Ni ba na ƙyamar aro. Injiniya aro ne, likita aro ne, kimiyyar ma aro ce. Amma aro yakan zauna ne in abin da ake nufi yana gaban ido. Ka nuna wa mutum mota ka ce mota, an gama. Wannan kuwa me za ka nuna? Kuma wani ɗan'uwa daga Damagaram ya tunatar da ni abin da ban kawo a raina ba: a Faransanci kalmar ta haɗa har da 'yan siyasar kare muhalli, masu koren tuta. Ka ce wa ɗan boko a Yamai ɗiyarka ekoloji take yi, yana iya ɗauka jam'iyya ta shiga.

"Ilimin daji" ba zan daɗe a kansa ba. Masu gandun daji sun riga mu, kuma wannan fannin yana aiki a kududdufin bayan gari, a rumbun hatsi, har a cikin tumbin saniya.

"Ilimin dangantakar halittu da muhallinsu" daidai yake ɗari bisa ɗari, sai dai bayani ne, ba suna ba. Kafin ka gama faɗa mai tambaya ya juya wajen shinkafa.

Kafin in faɗi zaɓina, mu gwada kowace kalma da aikin gaske. Mu je fadamar Haɗeja da Nguru.

Da can kogi yakan cika da damina ya malale fadama, da rani ya janye, ƙasa ta bushe. Manomi ya yi shinkafa a kan ambaliya, masunci ya bi kifin da ya hayayyafa a cikinta, in ruwa ya ja Bafillace ya shigo da shanu. Aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duka a kan kogunan da ke shayar da fadamar. Ruwa ya daina zuwa da ƙarfi lokaci guda ya tafi, ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara. To akwai ciyawar da ba abin da take so irin ruwa mara zurfi wanda ba ya ƙafewa: kacala. Ta cika hanyoyin ruwa, ta toshe su, laka ta taru a gindinta. Wani gari ruwa ya daina isa gare shi, wani garin kuma ruwa ya kwanta a gonakinsa ya ƙi tashi. Kwale-kwale ya rasa hanya. Tsuntsayen jan-baki suka samu wurin kwana da sheƙa a cikin kacalar, da safe su tashi kamar hadari su sauka a gonar shinkafa da gero. Sauro da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya su ma suka samu mafaka. Kuma wannan fadamar ce dai tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a cikinta, abin da ya sa aka saka yankin tafkin Nguru cikin jerin Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya, a shekarar 2000.

Yanzu ku duba. Wanda ya bi wannan zaren tun daga ƙofar madatsa har zuwa hatsin da tsuntsu ya cinye, me ya nazarta? Bai nazarci kacala don kanta ba, wannan aikin masanin tsirrai ne. Bai nazarci jan-baki don kansa ba. Abin da ya bi shi ne yadda wannan ke zaune da wancan, wa ke cin wa, wa ke ba wa mafaka, wa ke tashi in wani ya zo. Muna da kalmar wannan, kullum muna faɗinta a kan mutane: zamantakewa.

Saboda haka ni na tsaya a kan "ilimin zamantakewar halittu". Mai yin sa kuma "masanin zamantakewar halittu".

Ba ni na fara kawo ta ba, wata malamar sakandare ce ta jefo ta cikin amsoshi, ta ce da ita take yi wa ɗalibanta bayani kuma ba ta taɓa maimaitawa sau biyu ba. Malama, kin biya. Wani abin da ya ƙara min son ta, ta hau kan sawun da ake da shi. Muna cewa ilimin halittu, muna cewa ilimin zamantakewa ga masu nazarin al'umma. Ka haɗa biyun, ko wanda bai je jami'a ba zai hango inda aka dosa.

An yi mata suka biyu, kuma duka masu nauyi ne.

Na farko, wani ya ce zamantakewa tana nuna zaman lafiya, alhali shirwa ba zaman lafiya take da 'yan tsaki ba. Yallaɓai, wa ya ce maka zamantakewa daɗi ce zalla? Zo mu zauna ai zo mu saɓa ne. Akwai zaman carki da saniya, yana cire mata kaska yana ƙoshi. Akwai zaman balbela da garke, ita ke cin farar da kofato ya tayar, shanu ba su ƙaru ba ba su ragu ba. Akwai kuma zaman ƙuduji da dawa, ya manne a saiwarta yana tsotsa har ta ƙanƙance, shi ya fito da jan fure yana ado. Haka kauci a kan reshe. Duk zama ne, kuma kowanne da babinsa a wannan karatun.

Na biyu ya fi kama ni. Aka ce to ina ƙasa, ina ruwan sama, ina zafin rana? Rabin fannin a kansu yake, kuma su ba su da rai. A nan ne nake ganin Hausa ta yi mana gata. Halitta a wurinmu ba mai numfashi kaɗai ba ce. Dutse halitta ne, ruwa halitta ne, iska halitta ce, duk abin da Allah ya yi. 'Yan makaranta ne suka taƙaita ta ga masu rai a darasin bayoloji, amma tsohuwa a ƙauye ba ta taƙaita ba. Ku dubi gawo. Duk itatuwa suna kore da damina, shi lokacin yake kakkaɓe ganye, ganyen ya ruɓe ya zama taki, rana ta samu hanyar sauka kan geron da ke ƙarƙashinsa. Da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zuba kashi. Itace, ƙasa, ruwa, akuya, gero da manomi, duka a zama ɗaya. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka koma barin kututture ya toho a gona tun wajen 1983, abin da suke kira sassaben zamani, har aka farfaɗo da itatuwa a kan kusan hekta miliyan 5, da wannan sanin suka yi aiki ko da ba su ba shi suna ba.

Akwai mai cewa "cuɗanyar halittu" ta fi gajarta. Gaskiya ne, kuma ba zan yi faɗa da wanda ya yi amfani da ita ba. Ni dai na fi son a ajiye cuɗa don zaman da kowa ke amfana, tunda cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ta riga ta zauna daram a wurin.

Sai ɗaya rabin tambayar, shekarar da ake yi a wata ƙasa. Wani ɗan zolaya ya ce "shekarar ci-rani". Na yi dariya, amma ɗan ci-rani kuɗi yake zuwa nema, wannan kuwa kashe su take zuwa yi. Wasu suka ce "shekarar musaya", saboda yawanci jami'o'i biyu ne ke yarjejeniya, ka turo naka in turo nawa, irin tsarin Erasmus da Turai ta fara a 1987. Sai dai ɗalibi ba ya ganin wanda aka musanya shi da shi, kuma ga wadda ta tashi daga Kano, musaya na sa a tambaya da me. "Shekarar ƙetare" ta wadatar. Gajeriya ce, kuma ba ta buƙatar bayani. In ana son a cika, a ce "digirin zamantakewar halittu mai shekarar ƙetare".

Wani ya tambaya, wadda ta riga ta ƙetare zuwa Ingila, wace ƙetarawa kuma ta rage? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin fannin kansa. Lissafi ɗaya ne a Landan da Legas. Wannan kuwa ilimi ne da ke manne da wuri. A shekarar farko za a fita da ita wani fili mai danshi, a miƙa mata firam mai kusurwa huɗu, mita ɗaya kowane gefe, ta jefa a kan ciyawa, ta durƙusa gwiwa cikin laka da littafi a leda saboda yayyafi, ta ƙirga kowane irin tsiro da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga ta matsa gaba ta sake. Ta koma ɗaki ta zuba alƙaluman a kwamfuta. A nan za ta koyi cewa itace na zubar da ganye in sanyi ya gabato kuma yini ya gajarta. Gaskiya ne, a can. A Gumel fari ne ke sa shi zubarwa, gawo kuma ya saɓa wa duka biyun. Wanda bai taɓa barin daji ɗaya ba yakan ɗauki ɗabi'ar dajinsu a matsayin dokar duniya. Shi ya sa ake tura ɗalibai Ostareliya, inda wasu itatuwan ba sa sakin irinsu sai gobara ta bi ta kansu, ko Kanada, inda tafki ke daskarewa watanni. Kuma ba kyauta ake ba da gurbin ba, sai makin shekarun farko ya kai.

Ta wannan fuskar mu ma muna da abin da za a zo gani. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke aiki da Jami'ar Jos, tana horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma masu bincike daga Turai na zuwa. A can ake kafa raga mai laushi da asuba, a kama tsuntsu, a auna fiffikensa, a sa masa zobe mai lamba a ƙafa a sake shi. Tsuntsun da aka sa wa zobe a Filato ana iya sake kama shi a Turai.

Ƙananan kalmomin da suka biyo baya ban ga gardama a kansu ba. Wurin da halitta ke rayuwa, mazauni. Matsayin da take riƙe da shi a cikin zaman, gurbi. Jerin wa ke cin wa, sarƙar abinci, an riga an saba da ita a makarantu.

Wadda ta rage min ita ce kalmar da Arthur Tansley ya fito da ita a 1935, wadda ake kira ikosistem, wato wuri guda da duk mazaunansa da ƙasarsa da ruwansa a dunƙule, kamar fadamar Nguru gaba ɗayanta. An kawo "tsarin muhalli", na ƙi saboda dalilin da na faɗa a sama. An kawo "tsarin zaman halittu", ba laifi amma ta yi kusa da sunan fannin har za a riƙa rikita su. Wani dattijo ya ce "karkarar halittu", ina ta juya ta a baki. Mutanen Nguru da Gashuwa, masunta da makiyaya musamman, in akwai yadda kuke kiran fadama da duk abin da ke cikinta a kalma ɗaya, ku kawo mu ji.