Muhawara: Da gaske ne golden retriever ba ya cizon yaro?

Anti Binta: 'Yan uwa, jiya mun yi musu da ƙanena har rai ya soma ɓaci. Zai kawo kwikwiyon golden retriever gidansa, ga shi yana da 'ya 'yar shekara 2. Wai shi irin wannan kare ba ya cizo sam, yana iya barinsu tare a falo ya shiga wanka. Ni hankalina bai kwanta ba. Masu sani, ku yi magana.

Sadik: Anti, da gaskiyarsa. Nawa karen shekararsa 7 a hannuna. Da idona na ga ɗana ya zura hannu har wuyan hannu cikin bakinsa ya zaro ƙwallo, karen ko gezau, sai kaɗa jela. Kuma halin a jininsu yake. A 1868 ne Lord Tweedmouth ya haɗa wani rawayan kare mai suna Nous da wata karya Belle a gandunsa na Guisachan, can Sukotland. Abin da yake nema shi ne karen da zai ɗauko tsuntsun da maharbi ya kakkaɓo, ya kawo shi ba tare da ya tauna ba. Sama da shekara 150 ke nan ana zaɓen masu laushin baki da sanyin hali.

Dakta Halima: Tarihin daidai yake, Sadik. Amma agwagwar da aka harbe ba ta jan kunne, ba ta hawa gadon baya. Yarinya 'yar shekara 2 kuwa duk za ta yi. Kunnen wannan kare a rufe yake, ga son ruwa kamar me, shi ya sa ciwon kunne ke yawan kama shi. An taɓa kawo mini wani da masu shi ke rantsuwa bai taɓa ko gurnani ba, sai ga shi ya cafki hannun yaronsu. Ina ɗaga kunnen na tarar da cikinsa jajur, yana wari. Nan yaron ya damƙa. Karen ba mugu ba ne, ciwo ne ya ishe shi, kuma babu babba a wurin da zai lura.

Sadik: To Dakta, ai wannan laifin masu shi ne da ba su duba kunnen ba.

Dakta Halima: Na yarda. Sai dai ciwon ba ya sallama kafin ya zo. Kare kan nuna gajiyarsa tun kafin ya kai baki: ya lashi leɓe, ya yi hamma, ya kau da kai, ka ga farin idonsa. Kai za ka gane. Ita yarinyar fa?

Malam Garba: Ni ba cizon ne ma ya fi damuna ba. Namiji idan ya cika yana kai kilo 30 zuwa 34. Cikin murna kawai zai bangaje yarinya ta buga kai da ƙasa. Jelar nan ma daidai fuskarta take.

Sadik: Amma Malam, su ne fa ake ba makafi su yi musu jagora. Da akwai shakka a halinsu, wa zai yarda?

Malam Garba: Waɗancan tace su aka yi, aka horar da su wata da watanni, kuma ba duka ke tsallakewa ba. Ba za ka auna kwikwiyon da aka sayo jiya da su ba.

Dakta Halima: Yauwa, kun kawo ni inda nake son zuwa. Kwikwiyo ne fa zai kawo, ba irin naka mai shekara 7 ba. Haƙoransa na farko kamar allura suke, sai wajen wata 6 yake gama sauya su. Kuma an halicce shi da son riƙe abu a baki, komai ya gani sai ya ɗanɗana: takalmi, bakin zane, yatsa. Laushin bakin da ake yabo, koya masa ake yi ya ƙarasa. Ina son irin nan ƙwarai, kuma da za a tambaye ni wanda ya dace da gidan yara, yana cikin na farko da zan ambata. Amma ban yarda a bar su su biyu ba, ko na minti 5.

Sadik: Maganar kwikwiyo na karɓa, don nawa ma ya yaga min hannu yana ƙarami. Amma babban da ya tashi tare da yara, ni har gobe ina da amana a kansa.

Anti Binta: Na tura wa ƙanen nawa duk abin da kuka ce. Ya ce kare dai sai ya kawo, amma zai sa ƙaramin shinge tsakanin falo da inda karen zai riƙa kwana. Dakta, yana tambaya, a sati nawa ya kamata a raba kwikwiyon da uwarsa?

Dakta Halima: Kada ya gaza sati 8, Anti. A wurin uwar da 'yan uwansa yake fara koyon sassauta haƙori. Kuma ya je da kansa ya ga uwar, ya ga yadda take karɓar baƙo.